Randa a Ƙofar Na'ibi

Sumayya ce ta sa na zauna rubuta wannan. Da ta zo wankan gida bara, muna zaune a tsakar gida, ta tambaye ni wai da gaske ne abin da dangin mijinta suke faɗa, cewa korata aka yi daga na'ibancin masallaci saboda na koma yin Maulidi. Na ce ita me ta gani da idonta, tunda ranar tana tsaye a bayana da bokiti. Ta ce abin da ya faru ta gani, abin da ya jawo shi ne ba ta sani ba. Gaskiyarta. Ni ban iya zama da 'ya'ya ina buɗe musu cikina ba, haka na tarar da nawa uban, shi har ya fi ni. To yau zan buɗe, ku karanta ku huta da jin ta bakin mutane. Ba a kore ni ba, ban kuma koma ko'ina ba. Magana ce ta randa.

Gidanmu na Karaye a bakin hanya yake, kun san shi. Kakanku manomi ne, gyaɗa da dawa, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Amma yana da wani abu guda da ba ya wasa da shi. Duk shekara ranar da makarantun Islamiyya za su fito zagayen Maulidi, yakan fito da wata babbar randa ƙofar gida, wadda ya sa aka cika tun jiya don ruwan ya kwana ya yi sanyi. Ya zauna kusa da ita a kan turmi, moɗa a hannu, duk yaron da ƙishi ya fitar daga layi ya ɗebo ya miƙa masa. Ba ya yarda kowa ya taɓa moɗar nan, ko da hannunsa zai sage. Inna da matan gida suna zaure suna leƙe, mu yara muna kan dakali muna ƙirga tutoci, shi kuwa ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya kalli zagayen sosai ba. Bakin yara kawai yake kallo, ya ga wa ya sha, wa bai sha ba.

Ina da shekara ashirin da huɗu na dawo daga Kano, inda na je koyon kafinta. Na dawo da zarto, na dawo da karatu, kuma a lokacin karatun ya fi zarton kaifi. Malamaina sun karantar da ni cewa wannan biki ba shi da asali a addini, na duba na gamsu, har yau ɗin nan kuma a kan haka nake, kada wani ya gaya muku akasinsa. Abin da ba su karantar da ni ba, ko kuwa suka karantar ban ji ba, shi ne yadda ɗa yake magana da ubansa. Ana saura kwana biyu zagaye na zaunar da Baba na karanto masa duk abin da na haddace. Ya saurare ni har na gama, ya ce "To." Na ɗauka na ci nasara. Ranar zagaye na fito da hantsi, sai ga randa a wurinta, ga Baba a kan turmi. Ana jin bandiri ya doso kwanar gidanmu. Ni dai niyyata in ja ta in shigar da ita zaure, wallahi iyakar niyyata ke nan. Amma randa cike da ruwa ba a jan ta ta baki, ko yaro ya san haka, ni ne dai zuciya ta rufe wa ido. Bakin ya ɓalle a hannuna, ta kife, ta rabe biyu, ruwan ya gangara har ƙafafun yaran da ke gaban layi.

Baba ya dubi fasasshiyar randar, bai dube ni ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da bokitin Inna cike da ruwan rijiya, ya koma kan turminsa ya ci gaba da ba yara. Bai ce mini komai ba ranar, bai kuma taɓa ce mini komai a kai ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ana gama kaka na tattara kayan aikina na dawo nan Rogo.

Kada ku ɗauka na yar da shi. Duk Salla ina Karaye, taki da magani ba su taɓa yanke masa ba, da Inna ta rasu ni na tsaya a kan komai. Amma watan Maulidi ba ya kama ni a Karaye, shi kuma duk shekara sai ya fito da randarsa. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, domin a tunanina in na ce ya yafe mini, kamar na ce shi ne a kan daidai. Haka muka yi shekara talatin da 'yan kai, mu gaisa, mu yi zancen damina da farashin gyaɗa, kowa ya san inda ba a takawa. A nan Rogo kuwa Allah ya rufa asiri. Masallacinmu na tsallaken titi ni na yi masa ƙofofi da mumbari, daga ƙofar gidana kana iya ƙirga takalman da ke bakinsa. Limaminmu Malam Nuhu ya jawo ni jiki har na zama na'ibinsa, in ba ya nan ni ke jan salla, karatun bayan La'asar ma nawa ne. Shekara goma sha tara ina kan wannan. Ranar zagaye mukan rufe ƙofa, mu hana yara fita. Ku kuma ku jera tubali a bayan bandaki ku hau kuna leƙe ta kan katanga, kuna tsammani ban sani ba. Ni na yi ta mayar da tubalan nan wurinsu.

Shekarar da nake son ba ku labari, hawan jini ya kayar da Baba a gona ana tsakiyar damina. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta ɗauke. Da aka sallame mu daga asibiti ban yi shawara da kowa ba na kawo shi gidana, na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Kalma biyu suka rage masa, "Allah" da "a'a", da su yake duk wata hira. Ummanku ta riƙe shi kamar ita ya haifa, wannan shaida ce da zan ba ta ko a ina. Yana ci, yana sha da hannun hagu yana ɓata fuska, don shi mutum ne da ko goro ka miƙa masa da hagu ba zai karɓa ba. Muna nan har aka fara cirar gyaɗa, zafin kaka ya sauko, sai wata safiya ya samu kalma ta uku. Ummanku ta kai masa ruwa daga firij, ya ture kofin, ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, "Randa."

Murna muka yi ta yi, baki ya fara buɗewa. Ummanku ta ce ai gaskiyarsa, tsoho bai saba da ruwan firij ba, yana sa masa ciwon haƙori. Ranar kasuwa ta sa aka sayo 'yar randa, ta wanke, ta turara, ta zuba ruwa ya kwana, ta kai masa. Ya leƙa kofin, ya ce a'a, ya ce randa. Aka ce to ko ganin randar yake so, aka shigar masa da ita ɗaki aka girke a gefen katifa. Ya dube ta, ya kawar da kai. Ni da ilimina har na yi wa mutanen gida bayani cewa masu irin wannan ciwo sukan kama kalma ɗaya su yi ta maimaitawa ba tare da ma'ana ba, likita ma ya faɗa. Kwana uku ana haka sai ya daina cin abinci. Kunu ma sai an yi da gaske yake kurɓa biyu. Mutumin da dama ƙashi da fata ne ya fara lotsawa a kan idona, ni kuma ina tsaye ina fassara shi da maganar likita.

Yaya Talatu, wadda nake bi, ita ta zo daga Kurugu a kan acaɓa da ta ji labari. Ta shiga ta gaishe shi, ya kama gefen mayafinta da hagunsa ya ce randa. Ba ta yi minti biyu ba ta fito ta same ni ina fere ƙafar kujera a ƙofar shago.

"Haladu, yau nawa ga wata?"

"Takwas ga Rabi'ul Awwal."

Ban rufe baki ba na gane inda ta dosa. Ta tsaya tana kallona, irin kallon da take mini tun ina yaro in na yi fitsarin kwance na ce ruwan sama ne.

"Duk gidan nan a rasa mai ganewa, har da kai? Kai da ka fasa ta?"

Ashe ta tagar ɗakinsa yana jin yaran Islamiyyar bayan layinmu suna gwajin waƙe da bandiri kullum da yamma. Bakinsa ne ya mutu, lissafinsa yana nan. Wata kuma ya zagayo ya dawo daidai kakar gyaɗa, irin lokacin da na yi waccan aika-aika. Yaya ta ce a mayar da shi Karaye ya yi abinsa a ƙofar gidansa. Na ce mutumin da ba ya iya zama sai an tokare shi da matashi, ba zan jijjiga shi a mota ba. Ta ce to a roƙi maƙwabcina mai shayi, shi yana Maulidi, a girke a ƙofarsa. Wannan ita ce shawara mai sauƙi, na kuma kusa karɓa. Amma da na hango ana ɗauke ubana ana fitar da shi daga gidan ɗansa ana kai shi ƙofar wani don ya ba yara ruwa, sai na ga ai fasa randar ne karo na biyu, wannan karon ma da hankalina. Na ce mata a ƙofata za a yi. Ta ce, "Kai ɗin?" Na ce ni ɗin.

Ban yi a ɓoye ba. Bayan sallar Azahar na tsayar da Malam Nuhu na gaya masa komai, har da abin da na yi ina saurayi, wanda ban taɓa gaya masa ba. Ina so ku san cewa mutumin kirki ne, kada in ji ɗayanku ya ƙi gaishe shi. Ya tuna mini abin da ni kaina nake karantar da mutane a kan iyakar biyayyar iyaye. Na ce na sani, amma ba mai ƙishi ruwa ba saɓo ba ne.

"Malam Haladu, ba ruwan ba ne. Ranar ce, kuma ƙofar ce. Ƙofar na'ibi ce. Yaran da muke hanawa me za mu ce musu?"

"Zan girke randa, in zaunar da shi, in koma cikin zaure. Abinsa ne, ba nawa ba. Hannuna ba zai taɓa moɗa ba."

"In ka tsaya a nan, zan iya tare maka mutane. In ka wuce nan, ba zan iya ba."

Na ce na yi alkawari. Na ɗauka na yi wayo, na raba abin gida biyu yadda kowa zai samu nasa.

Kwana uku na ajiye aikin mutane. Na yi wa Baba kujera mai jingina da hannuwa, na sa mata madauri ta gefen dama don kada ya zame. Na je da kaina wajen masu tukwane na zaɓo randa mafi girma, na ƙwanƙwasa ta ko'ina na ji ba ta da tsaga. Da aka shigo da ita tsakar gida na buɗe ƙofar ɗakinsa don ya gani. Da yammar nan ya shanye kofin kunu.

Ranar zagaye da hantsi ni da ɗan'uwanku Mus'ab muka ɗauko shi a kujerar muka ajiye a inuwar darbejiyar ƙofar gida, randa a gefensa na hagu, moɗa a hannunsa. Na ce wa Ummanku duk mai son kallo ya fito zaure, yau ba hawa tubali. Kuka fito kuna sanɗa kamar waɗanda za a kama. Yaya Talatu ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Ni na koma can cikin zaure na tsaya, na harɗe hannu. A tsallaken titi mutanenmu sun fi goma a barandar masallaci, har da Malam Nuhu.

Shekara talatin rabona da in kalli abin nan, sai na ga ya girma ba da sanina ba. 'Yan agaji ne a gaba da usur suna buɗe hanya. Sai makarantu ɗaya bayan ɗaya, kowace da kalar kayanta, masu fari da kore, masu ruwan ƙasa, 'yan mata cikin hijabai iri ɗaya an goge su sun sha guga, ƙanana a gaba suna taka ƙafa ba daidai ba, malamansu suna gefe suna share gumi. Wasu sun ɗaga allunan da aka yi wa zayyana. Ga 'yan acaɓa sun ɗaure tutoci a madubi suna tafiya a hankali, abin da ban taɓa zaton sun iya ba. Ga wata a-kori-kura an ɗora mata lasifika da ƙubba ta katako da kwali an shafe ta da koren fenti, tana rangaji duk ramin da aka faɗa. Ko a halin da nake ciki sai da na ce a raina, wanda ya haɗa wannan bai san inda ake sa ƙusa ba. Ku kuwa kuna ta nuna ƙawayenku a layi, Ummanku tana cewa ku rage murya, ita ma tana miƙa wuya.

Rana ta take sosai. Wata 'yar yarinya, ba ta fi shekara bakwai ba, ta hango randa ta fice daga layi, wasu huɗu suka biyo ta. Baba ya tsoma moɗa da hagunsa, ya ciko ta, ya ɗago. Yarinyar ta miƙo hannu biyu. Sai ya tsaya. Ina kallonsa daga baya, na ga ruwa yana zuba daga moɗar a kan gwiwarsa, bai miƙa ba, bai kuma mayar ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Duk shirin da na yi, kujera da madauri da randa, ban tuna da wannan ba. Mutumin da bai taɓa ba ko almajiri abu da hagu ba, yau a ce ya yi sadakar da ya fi ƙauna da shi. Yaya ta yunƙura za ta karɓa ta ba su, ya janye moɗar ya ce a'a. Yara suna ta taruwa, sun kai goma sha wani abu, suna kallonsa suna kallon ruwan. Bai waiwayo ya neme ni ba. Da zai mutu a wurin da ƙishin yaran nan a wuyansa, ba zai waiwayo ba, na san shi, domin irin kan nan nasa ne a wuyana.

Na dubi tsallaken titi, Malam Nuhu yana kallona, ya girgiza mini kai a hankali, ba da faɗa ba, kamar mai roƙo. Na san abin da zan rasa, ba wai ban sani ba. Na fito daga zauren. Na durƙusa a gefen Baba na dama, na kwance madaurin, na ɗago hannun nan da ya mutu, yana da nauyi da sanyi. Na karɓi moɗar daga hagunsa na sa a cikin tafinsa na dama, na naɗe yatsunsa a kanta ɗaya bayan ɗaya, na rufe da nawa hannun. Muka miƙa wa yarinyar tare. Ta sha, ta ce an gode Baba, ta ruga ta kamo layinsu. Muka sake tsomawa. Haka muka yi ta yi har makaranta ta ƙarshe ta wuce, gwiwoyina a cikin caɓi, rabin garin Rogo yana wucewa yana ganin na'ibin masallacin da ba ya Maulidi.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Ba wanda ya kira ni zama, ba wanda ya ɗaga mini murya. Washegari na je na samu Malam Nuhu na ce na saɓa alkawarin da na yi masa, don haka na sauke na'ibanci da karatun La'asar, kada in sa shi a tsaka mai wuya. Ya ce bai so haka ba, amma bai ce in zauna ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Wata uku ina jin wani yana jan karatun da na fara, a kan mumbarin da na fere da hannuna, ina zaune a sahu na uku kamar baƙo. Akwai waɗanda muka yi shekara ashirin muna cin tuwo tare da har yau sai dai mu ɗaga wa juna hannu daga nesa. Su kuma ɗaya ɓangaren suka yi ta aiko mini da abincin Maulidi suna barka da dawowa, sai da na bi su ɗaya-ɗaya na yi godiya na ce ban dawo ba, ina inda nake. Suka ji haushi su ma. Na zauna a tsakiya ni kaɗai, har yanzu kuma a masallacin nan nake salla, ba inda za ni.

Baba ya ci tuwo ranar da rana, ya kuma ci gaba da ci har Allah ya karɓi abinsa da farkon damina, bai ga wani zagayen ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya tarar da shi.

Saura abu ɗaya da ko Ummanku ban gaya wa ba. Ranar, muna cikin ba yara ruwa, kaina yana dab da kunnensa, na samu bakin da na rasa shekara talatin. Na ce, "Baba, randar nan ta Karaye, ka yafe mini." Na jira. Na ga bakinsa yana motsi, yana kokawa da wata kalma sabuwa, na ɗauka ita ce. A daidai lokacin moɗa ta kankari gindin randa. Ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ina saurayi, ya ce:

"Ƙara."

Shi ne na ƙwala wa Sumayya kira ta kawo bokiti. Iyakar abin da na samu daga gare shi ke nan, na kuma daɗe ina juya shi kafin in gane ya ishe ni.

Shi ya sa randar nan take ƙofar gida kullum, rani da damina, ranar zagaye da ranar da ba kowa a titi sai awaki. Mai cewa don Maulidi nake ajiye ta, ya zo ranar wata Talata ya gani. Shi ya sa kuma kuke ganina kowace safiya da bokiti biyu, kuna cewa in bari yara su yi, ina ƙi. In na mutu kada wanda ya shigar da ita cikin gida, kada kuma a miƙa wa kowa ruwanta da hagu. Ya ce in ƙara, bai kuwa dawo ya ce ya isa ba.